Sarkin Ƙadangaru Wanda Ba Ƙadangare Ba Ne

A shekara ta 1834, wani likita na birnin Filadelfiya, ƙasar Amurka, mai suna Richard Harlan, ya bincika wani ƙaton ƙashin gadon baya da aka tono a jihar Luwiziyana. Da ya ga girmansa, sai ya ɗauka na wani ƙadangaren teku ne na zamanin da. Saboda haka ya raɗa wa dabbar suna Basilosaurus, wato "sarkin ƙadangaru" da harshen Girka.

A shekara ta 1839, Harlan ya kwashi waɗansu ƙasusuwan da aka samo a jihar Alabama, har da muƙamuƙi da haƙora, ya kai su birnin Landan wurin masanin nan Richard Owen. Shi Owen bai tsaya ga girman ƙashi ba, haƙoran ya duba. Ya tarar na can ciki suna da saiwa biyu-biyu. Ƙadangare da kada ba su da irin wannan haƙori, sai dabbobi masu shayar da ƴaƴansu nono. Ta haka aka gane cewa dabbar tana cikin dangin balen ne, wato ƙatuwar dabbar nan ta teku mai siffar kifi, wadda take shaƙar iska, take haihuwa, take kuma ba da nono.

Owen ya so a sauya mata suna zuwa Zeuglodon. Amma masana suna da doka: sunan da aka fara bai wa dabba shi ne nata, ko da ma'anarsa ta kauce wa gaskiya. Shi ya sa har yau ake kiranta sarkin ƙadangaru.

Basilosaurus ta rayu wajen shekara miliyon 40 da suka wuce. Tsawonta yakan kai metir 15 zuwa 18, jikinta siriri kamar na maciji. Mafi kyawun ƙasusuwanta ba a Amurka suke ba, a nan Afirka suke, cikin hamadar Masar, a wani kwari da ake kira Wadi Al-Hitan, kimanin kilometir 150 kudu maso yamma da Alƙahira. Inda yau babu kome sai rairayi da duwatsu, a wancan zamani teku ne.

A wannan kwari ne masani Philip Gingerich da abokan aikinsa suka tono abin da ya ba kowa mamaki a shekara ta 1989: ƙafafun baya na dabbar, da gwiwa, da idon sawu, da yatsu. Ƙafafun ba su kai ko metir ɗaya ba, ba za su iya ɗaukar irin wannan jiki bisa tudu ba. Saura ne na gado, shaida ce cewa kakannin balen da ƙafa huɗu suke tafiya a ƙasa. Ƙasusuwan Pakicetus, wata dabbar bakin ruwa mai ƙafa huɗu da aka samo a Pakistan, wadda ta rayu wajen shekara miliyon 50 da suka wuce, sun ƙarfafa wannan magana.

Yanzu masana sun sanya Basilosaurus cikin rukunin balen na farko, waɗanda suka riga suka rabu da tudu ɗungum amma ba su rasa ƙafa ba tukuna. Binciken jini da ƙashi ya kuma nuna cewa cikin dabbobin da ke raye, dorina ce ta fi kusa da balen, irin wadda masunta ke gani cikin kogi wajen Ayoru.

A shekara ta 2005 hukumar UNESCO ta sanya Wadi Al-Hitan cikin kayan tarihi na duniya, don a tsare ƙasusuwan daga ɓarna da sata. Dalilin tsaron a fili yake: haƙora ne suka gyara kuskuren Harlan, kuma ƙashin da aka ɗauke daga makwancinsa ba da sani ba, rabin labarinsa ya tafi ke nan.