Ƙwayoyin da Ke Narkar da Kara a Inda Babu Iska

'Yan'uwa manoma, mutum ba ya iya narkar da karan dawa ko harawa a cikinsa, amma saniya takan ci ta yi ƙiba. Dalili kuwa shi ne, a tumbinta akwai ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, ana ce da su bakteriya. Irin waɗannan ba su son iska, sai a rufaffen wuri suke rayuwa. Sukan fitar da wani sinadari mai suna enzayim, wanda ke yayyanka zaren kara ya mai da shi sukari.

Aikinsu ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A marinar Ƙofar Mata a Kano, in an zuba baba da toka a rami aka bar su kwanaki, danginsu ne ke sa shuni ya narke ya kama zane.

A 1983 masana biyu a Isra'ila, Raphael Lamed da Edward Bayer, suka gano yadda wata ƙwaya mai suna Clostridium thermocellum ke ɗaure enzayim iri-iri wuri guda, kamar 'yan gayya a gona. Tana son zafi wajen digiri 60. Masu bincike sukan kiwata ta a rufaffen tanki, su ba ta kara ko ƙaiƙayi, sa'an nan su tace sinadarin. Enzayim mai cin zaren tsiro yana shiga sabulun gari da abincin kaji, ana kuma tausasa yadi da shi. Amma yawancin na kasuwa daga fumfuna ake samunsa, gama ta fi yawan bayarwa.

To, ina ruwanmu a Babban Mutum? Tace enzayim aikin masana'anta ne, ya fi ƙarfin ƙungiya. Abin da ke kusa da mu shi ne iskar girki daga kashin shanu, wadda Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, da aka kafa a 1982, ta yi aiki a kai. Ƙwayoyi marasa son iska ne ke yin ta, ragowar kuma taki ne mai kyau.

Saboda haka kara ba shara ba ne. Ƙasarmu jigawa ce, in aka kwashe karan gero duka, iska ta kwashe ƙasar. Kada mu ƙone shi, kada kuma mu sayar da shi kaf. A taron ƙungiya na gaba, mu tsai da shawara: nawa za a ba dabbobi, nawa na danga, nawa za a bar wa gona.