Dutsen Dala da Mutanen Ɓoye

Ya kai mai karatu, in kai manomin Kura ne ko Bunkure, ranar da ka kai tumatir da albasa Kano ka kan hangi wani jan dutse a cikin birni. Shi ne Dala. Har yanzu akwai waɗanda ba su yarda su hau shi da almuru, wai akwai mutanen ɓoye. To, bari ka ji mafarin wannan tsoro.

Tarihin Kano ya nuna a bisa dutsen nan wani ƙaƙƙarfan maharbi ya zauna, sunansa Barbushe, daga zuriyar Dala. Shi ne mai kula da Tsumburbura, abin bautar mutanen wancan zamani. Mazauninta wata itaciya ce, an kewaye ta da katanga, ba mai shiga sai shi kaɗai. Ba ya saukowa sai kwana biyu a shekara. Ran nan mutane su kan taru a gindin dutse, wani da baƙin kare, wani da baƙar kaza, wani da baƙin bunsuru. Da dare ya shiga, in ya fito sai ya gaya musu abin da zai auku a shekarar. An ce har zuwan baƙon da zai mallake su ya faɗa, ga shi kuwa Bagauda ya zo wajen 999.

Sarki Tsamiya (1307 zuwa 1343) ya rushe katangar, aka sare itaciyar a zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). Bauta ta ƙare, tsoron kuwa bai bi ta ba.

Amma ga abin da ya fi ban mamaki. Masana sun tona a Dala, suka sami wurin narkar da tama na wajen ƙarni na 7, wato shekara 300 da ɗoriya kafin Bagauda. Ashe inda a ke jin tsoron nan unguwar maƙera ce.

Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 aka ja ruwa zuwa gonakinku, garma ta shiga fili mai yawa da dā ba a taɓa shi da rani. In kana huɗa kusa da kufai ka tono tsingaro ko kashin tama, kada ka gudu, kada kuma ka watsar. Lura da wurin, ka sanar da dagaci, a kai labari Gidan Makama, inda a ke ajiye kayan tarihin Kano.