Tafiya da Ƙafa Biyu a Wajen Ɗan Adam da Sauran Dabbobi

Duk wanda ya tsaya a bakin hanyar kasuwar Sabuwa zai ga mace da ƙwaryar nono a ka, goyo a baya, hannuwanta a sake, tana tafe ba tare da ta dubi ƙasa ba. Sabo ya sa ba a ganin abin mamaki a nan, alhali kuwa a cikin dabbobi masu shayarwa, mutum kaɗai ne ya mayar da taku a miƙe bisa ƙafa biyu tafiyarsa ta kullum.

Asirin abin yana cikin ƙirar ƙashi. Kafar da lakar gadon baya ke bi ta shiga ƙoƙon kai tana daidai ƙarƙashin kan, don haka kai ke zaune daram bisa wuya. Ƙashin baya yana da lanƙwasa a wuya da ƙugu, wadda ke dawo da nauyin jiki saitin ƙafafu. Ƙasusuwan cinya sun karkato ciki wajen gwiwa, shi ya sa idan ƙafa ɗaya ta ɗaga, ɗayar ke iya riƙe jiki duka. Birin da masu wasa ke yawo da shi kasuwa-kasuwa ba shi da wannan ƙira. Yakan miƙe ya yi rawa, amma gwiwarsa a tanƙware take, kuma nan da nan yake gajiya ya koma kan huɗu.

Tsuntsaye ma ƙafa biyu gare su, sai dai tsarinsu daban ne. Kaza da zabo da jimina a kan yatsu suke tafiya, gangar jikinsu a kwance. Abin da yara ke ɗauka gwiwa ce mai kallon baya, a haƙiƙa idon sawu ne. Gwiwar tana ɓoye cikin gashi. Jimina, mai yatsu biyu kacal, takan kai gudun kilomita 70 a awa.

Masana tarihin halittu sun daɗe suna bin diddigin wannan taku. A 1978 aka gano sawayen Laetoli a Tanzaniya, waɗanda aka ƙiyasta sun kai shekara miliyan 3.6. A 2001 kuma aka tono ƙoƙon kan da aka laƙaba wa suna Tumai a hamadar Jurab ta ƙasar Cadi, mai kimanin shekara miliyan 7, kodayake masanan ba su haɗu a kan ko a miƙe ya yi tafiya ba.

Wannan baiwa ba ta zo a ɓagas ba. Ƙugun da ke ɗauke da rabin jiki shi ke fara ciwo ga manomin da ya wuni sunkuye da fartanya a gonar masara. Mafi muni shi ne haihuwa: ƙugun da ya dace da tafiya mafitarsa matsattsiya ce, kan jariri kuwa babba. Idan ƙashin yarinya bai gama ƙosawa ba, naƙuda takan yi tsawo har ta bar ta da yoyon fitsari, cutar da ake kai mata asibitin Babbar Ruga da ke Katsina dominta.