Rediyo Sana'a Ce ko Hidimar Jama'a?

Manomin da ke ban-ruwa a ƙasan madatsar Bakolori, rediyonsa rataye a wuya, ba ruwansa da rukunin da aka sa tashar da yake saurare. Amma rukunin ne ke yanke abin da zai ji. A lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, gidajen rediyo suna sashen sadarwa da yaɗa labarai, tare da kamfanonin waya da maɗaba'u. Wato masana'anta ce mai kuɗin shiga. Ita kuwa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, wadda aka kafa a 1992 lokacin da gwamnati ta saki ragamar yaɗa shirye-shirye da ta daɗe tana riƙe da ita ita kaɗai, ta kasa gidajen rediyo gida uku: na gwamnati, na kasuwanci da na al'umma. Wannan rabon ya fi faɗin gaskiya, domin yana nuna mai biyan kuɗin man janareta.

Wani zai ce ai duk talla suke nema, har Pride FM ta Gusau, mallakar gwamnatin tarayya, don haka bambancin na takarda ne. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Sai dai mai talla birni yake bi, inda masu saye suke. Shi ya sa tashoshi suka taru a Gusau, mutanen Kaya, Bakura da Talata Mafara kuwa sai dai su kamo daga nesa. Rukuni na uku, wato na al'umma, wanda gwamnatin tarayya ta amince da lasisinsa guda 17 a 2015, shi kaɗai aka tsara don garin da talla ba za ta iya riƙe tasha ba.