Tutocin Bit da Sanin Kafar da Ta Shirya a Sadarwar Kwamfuta

Duk lokacin da mai POS a Kamazou ya danna na'urarsa domin tura kuɗi, saƙonsa yakan buɗe kafa guda zuwa wata babbar kwamfuta, wadda a daidai lokacin take ɗauke da dubban kafofi irin tasa. A farkon 2023, da takardun naira suka yi ƙaranci, jama'a suka raja'a ga tura kuɗi ta waya, kowa ya ga wahalar da cunkoson saƙonni ke jawowa. To, ta yaya kwamfuta ɗaya take kula da kafofi masu yawa haka?

Hanya mafi sauƙi ita ce manhaja ta tsaya kan kafa guda har saƙo ya iso, tamkar masinjan da ya kafe a ƙofar ofis ɗaya alhali takardu na taruwa a sauran. Maganin wannan shi ne a hana ta jira. Sai ta tambayi tsarin na'ura: waɗanne kafofi ne suka shirya? Umurnin select, wanda ya fito a 1983 cikin Unix na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, aikinsa ke nan.

Harshen Java ya samu irin wannan tsari a 2002, kuma a cikinsa amsar kowace kafa lamba ce guda. Kasancewar kwamfuta da sifiri da ɗaya take ƙirga, kowane gurbi na lambar, wato bit, yakan zama tuta: 1 karantawa, 4 rubutawa, 8 kammala haɗuwa, 16 karɓar sabon baƙo. Kafar da ta shirya karatu da rubutu lambarta 5, wato 00101. Lamba biyu ake ajiye wa kowace kafa: ta abin da manhaja ke sauraro, da ta abin da ya shirya.

Kurakurai biyu sun shahara. Na farko, a tambaya ko lambar daidai take da 1. In ta zo 5, sai saƙo ya kwana ba a karanta ba. Gurbin da ake nema kaɗai ya kamata a duba. Na biyu, a bar tutar rubutu a ɗage bayan an gama aikawa. Da yake kafa kusan kullum a shirye take ta karɓi rubutu, sai manhaja ta yi ta kewaye a banza, ƙarfin na'ura ya ƙare, mai jiran kuɗinsa a Kamazou kuwa yana tsaye. Saboda haka ƙa'idar ita ce a ɗaga tutar rubutu sa'ad da aikawa ta tsaya bai ƙare ba, a sauke ta da zarar an kammala.