Yadda yara 60 ke auna rigakafin ƙaramar hukuma guda

Bayan kowane zagaye na rigakafin cutar shan inna a ƙananan hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo na jihar Sakkwato, jami'an lafiya kan so su san yawan yaran da aka tsallake.

Ƙidaya dubban yara gida-gida zai ɗauki makonni. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da dabarar ɗibar samfur, wadda aka gwada a Najeriya a shekarar 2009.

Akan zaɓi ƙauyuka ko unguwanni 6 ta hanyar ƙuri'a, a duba yatsun yara 10 a kowanne, domin ganin alamar tawadar da masu rigakafi ke shafawa. Idan marasa alamar ba su wuce 3 cikin 60 ba, aikin ya karɓu. Idan kuwa sun yi yawa, sai a koma.

Dabarar ta samo asali ne daga masana'antun Amurka a shekarun 1920, kuma da irinta kwamfuta ke ƙiyasta abin da ke cikin jerin bayanan da suka fi ƙarfin ajiyarta.

Sai dai sharaɗinta shi ne ƙuri'ar ta game kowa. Muddin aka tsaya a garuruwan bakin titi, aka bar rugage da ƙauyukan fadamar Rima, to sakamakon zai ɓoye yaran da suka fi fuskantar haɗari.