Daga Kwoi zuwa Atlanta: Ku shirya Mama kafin ta hau jirgi

Idan 'yarku ko ƙanwarku ta haihu a Amurka, aka aiko wa Mama tikiti ta je renon jika, abin da kowa zai fara tambaya shi ne: awa nawa ne a jirgi? Daga Legas zuwa Atlanta kimanin kilomita 9,400 ne, kuma jirgin Delta da ke tsallake Tekun Atlantika kai tsaye yana cin awa 12 zuwa 13. A dawowa yakan rage kusan awa ɗaya ko fiye, domin iska tana tura shi ta baya.

Sai dai lissafin bai tsaya nan ba. Wadda ta taso daga Kwoi, hedikwatar ƙaramar hukumar Jaba, za ta yi awa biyu zuwa uku a mota kafin ta kai Abuja, ta yi kusan awa ɗaya a jirgi zuwa Legas, sannan ga jira da layin bincike a kowane filin jirgi. Daga ƙofar gida zuwa ƙofar gida, da wuya tafiyar ta gaza awa 24, yawancinta a zaune.

Wannan dogon zama shi ne abin tsoro. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa zama wuri ɗaya na awa huɗu ko fiye a tafiya yana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Idan gudan jinin ya ɓalle ya tafi huhu, yana iya kisa. Haɗarin ya fi yawa ga tsofaffi, masu ƙiba, masu juna biyu da waɗanda aka yi wa tiyata kwanan nan.

Don haka ku kai ta wurin likita tun da sauran makonni, ku tambaye shi ko tana bukatar safa mai matse ƙafa. Ku nema mata kujerar bakin hanya, ku gaya mata ta riƙa tashi tana takawa bayan kowace awa biyu, tana motsa ƙafa ko a zaune, tana shan ruwa. Da yawa daga iyayenmu kan ƙi shan ruwa don kunyar zuwa bayi. Ku faɗa mata babu kunya a nan.

Magungunanta su kasance a jakar hannu tare da takardar likita. Agogon Atlanta yana bayan namu da awa shida, ko biyar daga Maris zuwa farkon Nuwamba, saboda haka mai ciwon suga ta tsara lokacin allura da likita kafin ta tashi.

Bayan ta sauka ma a sa ido na tsawon makonni. In ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya, ko ƙirji ya kama ciwo, kada a tsaya shafa man zafi. A wuce asibiti nan take.